Sayen jirgi daban, shirya shi daban

A ƙarshen watan Maris na kowace shekara, lokacin da sanyin Turai ya fara sassautawa, tashoshin ƙananan jiragen ruwa na gaɓar tekun Faransa kan cika da ƙarar injin goge katako, da bugun guduma, da warin fenti. A tashar Minimes ta birnin La Rochelle, inda ake ɗaure jirage sama da 4000, ana ganin mutane kwance ƙarƙashin jiragen da aka fiddo daga ruwa aka ɗora bisa sanduna, hannuwansu duk fenti. Cikinsu ba a rasa waɗanda suka bambanta da saura: mata da miji, ko abokai biyu, riƙe da doguwar takarda, suna ta kewaya wani tsohon jirgi suna rubutu. Su ne sabbin masu jirgi. Sun biya kuɗi, an miƙa musu takardu da makulli, suna tsammanin wahala ta ƙare, alhali kuwa yanzu ne za ta fara.

Jirgin da ake magana a kansa ƙaramin jirgin shaƙatawa ne mai tafiya da iska, wanda Faransawa ke kira « voilier », tsawonsa daga mita 6 zuwa mita 10 ko 11. A tsakiyarsa akwai dogon jigo na alminiyom, wanda wayoyin ƙarfe ke riƙe da shi ta gaba da baya da gefuna biyu, kuma a jikin jigon ne ake ɗaga manyan ƙyallayen da iska ke turawa. A ƙarƙashinsa, cikin ruwa, an ɗaura masa nauyin darma ko na baƙin ƙarfe, wanda ke maido da jirgin tsaye duk lokacin da iska ta kwantar da shi. Cikinsa kuwa ɗan ɗaki ne da bai kai shago girma ba: gadaje biyu ko huɗu, murhun gaz, ɗan makewayi, da ƙaramin inji na shiga da fita tasha.

Yadda jirgi ya zo hannun talaka

Da can, yawon teku abin attajirai ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ne al'amarin ya sake kama. A shekara ta 1947 Hélène da Philippe Viannay suka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin iska ta Glénans a yankin Bretagne, samari da ƴan mata suka yi ta shiga. Masu zanen jirage suka fara ƙirƙiro ƙananan jirage masu araha na katakon falle-falle, wato « contreplaqué ». Jean-Jacques Herbulot ya fito da Corsaire mai tsawon mita 5 da rabi a shekara ta 1954, Philippe Harlé kuma ya zana Muscadet mai mita 6 da santimita 40 a shekara ta 1963. Daga baya aka koma ƙera su da poliyesta, wata roba mai tauri da ake zubawa a ma'auni guda ana fiddo jirage ɗaruruwa masu kama ɗaya: Arpège na Michel Dufour a 1967, Sangria na kamfanin Jeanneau a 1969 wanda aka ƙera fiye da 2000, sai First 30 na kamfanin Bénéteau a 1977.

Poliyesta ba ya ruɓewa kamar katako. Saboda haka yawancin jiragen nan suna nan har yau, masu su sun tsufa ko sun rasu, magada kuma ba su son biyan kuɗin wurin ajiya kowace shekara. Abin ya kai har a shekara ta 2019 aka ɗora wa wata ƙungiya mai suna APER nauyin farfasa jiragen da suka gama aiki. Wannan ne ya sa malamin makaranta ko ma'aikacin gidan waya ke iya samun jirgi mai shekara 40 ko 50 a kan kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba.

To amma duk wanda ya taɓa sayo mota daga Kwatano ya san cewa kuɗin da aka biya dillali somin taɓi ne. Akwai duwan, akwai tayoyi, akwai makaniki. Haka jirgi yake, har ma ya fi, domin sau da yawa kuɗin gyara da na kayan aiki kan kai kuɗin saye ko su zarce shi. Bambancin kawai shi ne, mota in ta lalace tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, fasinja kan sauka su zauna gindin itace su jira. Jirgi in ya lalace a teku, babu gindin itacen da za a zauna.

Abin da ido ke so, da abin da teku ke tambaya

Takardar sabon mai jirgi kusan iri ɗaya ce ko'ina. A samanta ake samun sabbin katifu da labule, firigo, allon lantarki mai nuna taswira, rediyon kiɗa, rumfar inuwa, da fentin da za a rubuta sabon suna. Ba laifi ba ne mutum ya so haka, domin ya sayi jirgin ne don jin daɗi, kuma yana son ya goge alamun tsohon mai shi ya sa nasa. Sai dai kuɗi ba su da yawa, bazarar Turai gajera ce, kuma abin da aka kashe wajen ado ba ya dawowa ranar da aka gano ɓarnar da ke ƙasa.

Shi ya sa masu hankali ba su cinikin biri a sama. Kafin su biya, sukan sa a fiddo jirgin daga ruwa, su ɗauko gwanin binciken jirage ya ƙwanƙwasa jikinsa da guduma, ya auna danshinsa, ya duba ko ruwa ya shiga cikin poliyesta ya yi masa ƙuraje, cutar da ake kira « osmose ». Kamfanonin inshora ma sukan nemi rahoton irin wannan gwani kafin su karɓi tsohon jirgi. Bayan ciniki ya faɗa kuwa, tsofaffin matuƙa na da tsari guda da suke gaya wa baƙo, kuma abubuwa huɗu ne ke kansa.

Na farko, a hana ruwa shiga. Kowane jirgi na da ramuka da aka huda da gangan ƙarƙashin ruwa: na jan ruwan sanyaya inji, na makewayi, na wurin wanke kwanuka. Kowane rami na da makullin ruwa da tiyo. In makullin na tagulla marar kyau ne, gishirin teku kan cinye shi daga ciki, ya yi ja-ja, ya yi taushi, wata rana ya karye a hannu. Rami mai faɗin santimita 4, rabin mita ƙarƙashin ruwa, na iya zubo fiye da lita 100 cikin minti guda, mutum ɗaya da famfon hannu kuwa ba ya jure fitar da wannan na tsawon lokaci. Don haka ake sake makullan da tiyo, a ɗaure kowane tiyo da maɗauri biyu, a rataye ɗan turken katako kusa da kowane rami don toshewa cikin gaggawa. Ana kuma duba kusoshin da ke riƙe da nauyin gindi, da sandar wutsiyar da ke juya jirgi.

Na biyu, a tabbatar jigo ba zai faɗi ba. Wayoyin da ke riƙe da shi na ƙarfe ne marar tsatsa, suna ƙyalli har ranar da za su tsinke, domin gajiyarsu a ɓoye take, can cikin wurin da aka matse bakinsu. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sake su bayan kamar shekara 10. Wanda bai san ranar da aka sa nasa ba, ya ɗauka lokacinsu ya wuce.

Na uku, a iya tsayar da jirgi. Jirgi ba shi da birki sai ƙugiyar da ake jefawa ƙasan teku da sarƙarta. Ana sakin sarƙa aƙalla ninki uku na zurfin ruwa, a ƙara in iska ta tashi. Mai jirgin da ya yi rowar sarƙa shi ne ke farkawa da tsakar dare ya tarar da duwatsu kusa da kansa.

Na huɗu, mutum ya zauna cikin jirgi, wuta kuma kada ta kama. Ana shimfiɗa igiyoyi masu ƙarfi daga gaba zuwa baya, inda matuƙi zai maƙala ɗamararsa, domin wanda ya faɗa ruwa da dare da wuya a same shi. Gaz ɗin dahuwa kuma ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba ya fita ta taga kamar a gida, sai ya gangara ya taru a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi. Shi ya sa ake ajiye tukunyar gaz cikin akwati na dabam mai mafita zuwa waje, a sake tiyonta kafin a sayi ko da cokali.

Babu ko ɗaya cikin huɗun nan da baƙo zai gani ya yaba. Mutum zai kashe rabin ajiyarsa, jirgin kuma a ido yana nan yadda aka saye shi. A nan ne da yawa ke karaya su koma ga labule.

Darasin shekara ta 1968

Tarihin teku ya bar misali wanda har yau ake ba sabbin matuƙa. A shekara ta 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta sa gasar kewaya duniya, mutum ɗaya cikin jirgi, ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Mutum 9 suka tashi.

Cikinsu akwai Donald Crowhurst, ɗan kasuwar kayan lantarki. Ya sa an ƙera masa sabon jirgi cikin gaggawa, ya yi niyyar cika shi da na'urorin da ya ƙirƙira, har da wata jakar iska a kan jigo wadda za ta tada jirgin in ya kife. Ya tashi ranar 31 ga watan Oktoba, ranar ƙarshe da dokar gasar ta yarda, wayoyi na reto ba a haɗa su da komi ba, kaya zube ba tsari. Cikin abubuwan da aka bari a tudu har da tiyon famfon fitar da ruwa. Da ruwa ya fara shiga, ya gane jirgin ba zai iya tekun kudu ba. Komawa gida kuma na nufin karayar arziki. Sai ya tsaya yana yawo cikin tekun Atlantika yana aiko da labarin ƙarya game da inda yake. Ranar 10 ga watan Yuli na 1969 aka tsinci jirgin yana shawagi babu kowa ciki. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.

Bafaranshe Bernard Moitessier ya bi wata hanya dabam. Jirginsa Joshua na ƙarfe ne, mita 12, kuma don rashin kuɗi, da turakun wayar tangaraho ya yi masa jigo. Kafin gasar, maimakon ya ƙara kaya sai ya sauke: inji da sauran kaya masu nauyi duk ya bar su a tudu. Ya ƙi ɗaukar rediyon aika saƙo, sai da ɗanko yake harba wasiƙunsa cikin jiragen da ya ci karo da su. Jirgin ya kewaya duniya lafiya, har mai shi ya fasa komawa Turai ya zarce zuwa Tahiti. Wanda ya kammala gasar shi kaɗai, Robin Knox-Johnston, ya yi kwana 312 cikin Suhaili, jirgin katako da bai kai mita 10 ba, wanda aka ƙera a Bombay ta Indiya. Da jirgin ya fara yoyo a tsakiyar teku, shi da kansa ya nutsa ya toshe tsagar. Ya karɓi ladar fam 5000, ya miƙa ta ga iyalin Crowhurst.

Mutanen nan uku ba a jarumtaka suka bambanta ba. Biyu sun san kowace kusa ta jirginsu kuma sun gwada shi shekaru kafin tafiya. Na ukun ya dogara ga kayan da ba a taɓa gwadawa ba.

Kowane kilo da lissafinsa

Ƙaramin jirgi kamar jaki yake, akwai iyakar abin da zai ɗauka. Lita guda ta ruwan sha kilo guda ce, kuma kowane kayan jin daɗi na jawo ɗan uwansa. Wanda ya sa firigo dole ya ƙara batir. Wanda ya ƙara batir dole ya nemi abin cika shi, sai ya sayi farantan hasken rana. Farantan na bukatar wurin zama, sai a ƙera musu rumfar ƙarfe a bayan jirgi. Kafin a ankara bayan jirgin ya nutse, nauyi ya hau sama, iska na samun abin turawa, jirgin da aka zana don ya tashi tsaye da sauri ya koma mai nawa. Ka'idar masu zanen jirage ita ce kaya masu nauyi su zauna ƙasa kuma tsakiya. Wannan ka'ida ba ta teku kaɗai ba ce: mai kwale-kwale a Gaya ko Ayoru ya san abin da ke faruwa in an tula buhuna sama, ko an yi wa jirgi doguwar rumfa fasinja suka taru gefe guda.

Akwai kuma gyare-gyaren da suka cancanci kuɗinsu, kuma galibi su ne masu rage wahalar matuƙi. Baturen Ingila Blondie Hasler ya ɗauki ƙaramin jirgi samfarin Folkboat, bai kai mita 8 ba, ya sa masa ƙyalle irin na jiragen Sin wanda ake ragewa daga zaune, ya rufe wurin zaman matuƙi, ya ƙera wata na'ura da iska ke juyawa tana riƙe wa jirgi hanya. Da wannan jirgi mai suna Jester ya zo na biyu a gasar ƙetare Atlantika ta farko ta mutum ɗaya, daga Plymouth zuwa New York, a shekara ta 1960. Duk abin da ya sake a jirgin amsa ce ga wata wahala da ya riga ya sha a teku. Sabbin masu jirgi na yau da ke jawo igiyoyin rage ƙyalle zuwa wurin zaman matuƙi, don kada kowa ya fita gaba cikin hadari, sawunsa suke bi.

Tsofaffin jirage, sabon gwaji

A shekara ta 2018 aka farfaɗo da gasar 1968, aka kuma shar'anta cewa da tsofaffin jiragen shaƙatawa za a yi ta, masu tsawon mita 10 zuwa 11, irin waɗanda kowa ke iya saye. Ke nan gasar ta zama jarrabawar iya shirya tsohon jirgi. Bafaranshe Jean-Luc Van Den Heede, mai shekara 73, ya sayi samfarin Rustler 36, kuma cikin gyaran da ya yi har da rage tsawon jigo, domin ya san ƙarfin iskar tekun kudu. A watan Nuwamba igiyar ruwa ta kwantar da jirgin a tekun Fasifik, maɗaurin wayoyin jigo ya tsage, amma jigon bai faɗi ba. Dattijon ya hau sau da dama ya ɗaure, ya iso Les Sables-d'Olonne ranar 29 ga watan Janairu na 2019 bayan kwana 211. Cikin mutum 18 da suka shiga, 5 ne suka kammala, jirage da dama kuma jigonsu ne ya karye.

A zagaye na gaba, wanda aka fara a watan Satumba na 2022, Kirsten Neuschäfer ƴar Afirka ta Kudu ce ta yi nasara, ranar 27 ga watan Afrilu na 2023, mace ta farko da ta ci gasar kewaya duniya ta mutum ɗaya. Kafin tafiya ta shafe watanni a tsibirin Prince Edward na Kanada tana gyaran jirginta Minnehaha da hannunta tare da masu sana'ar wurin. A kan hanya kuma ta ceci ɗan Finlan Tapio Lehtinen, wanda jirginsa Asteria ya nutse a tekun Indiya a watan Nuwamba na 2022, ruwa ya shigo ta baya cikin ɗan lokaci kaɗan, duk da babban gyaran da aka yi masa. Abin da ya tsirar da shi shi ne kwale-kwalen ceto na roba da jakar gaggawa suna kusa da hannu. Ashe ko gyara ya kai gyara, sai an tanadi hanyar fita.

Doka da haƙuri

Dokar Faransa ba ta neman takardar izinin tuƙi ga mai jirgin iska, amma ta tsara kayan ceton da zai ɗauka bisa nisan da zai yi daga mafaka. Dokar da ake kira « Division 240 » ta kasa teku kashi huɗu: har zuwa mil 2, daga 2 zuwa 6, daga 6 zuwa 60, sai abin da ya zarce 60, kowane mil na teku kuwa mita 1852 ne. Rigar ceto wajibi ce ga kowa tun daga kashin farko. Wanda zai wuce mil 6 sai da kwale-kwalen ceto da rediyon VHF, wanda ake neman agaji da shi a tasha ta 16. Wanda zai wuce mil 60 sai ya ƙara da na'urar da ke sanar da tauraron ɗan adam inda yake. Masu fita ceto kuma, ƴan ƙungiyar SNSM da aka kafa a 1967, galibinsu ƴan sa kai ne, masu iyali, waɗanda ke barin gadonsu da dare saboda makullin ruwan da wani ya ƙi sakewa.

Sai dai doka ƙaramin mizani take sawa. Saura na hannun mai jirgi. Shawarar da tsofaffin tasha suka fi maimaitawa ita ce wadda baƙo ya fi ƙin ji: bayan an gama da abubuwan nan huɗu, kada a huda komi, kada a yanke komi, sai an yi bazara guda cur ana tafiya da jirgin yadda yake. Cikin wannan bazarar ne mutum zai gane dalilin da ya sa tsohon mai shi ya kafa marikin hannu a wurin da ya ga kamar bai dace ba, ya kuma gane cewa rabin abin da ya rubuta a takardarsa ba ya bukatarsa. Ramin da aka huda a jikin jirgi kuwa, ko an toshe shi, tabonsa na nan.

Mata da mijin nan na tashar Minimes, in sun ji shawara, za su koma gida a watan Oktoba da takarda wadda ta fi ta watan Maris gajarta, katifunsu na dā ne, labulensu ya koɗe, amma sun san inda kowane makullin ruwa yake ko da cikin duhu. Labule sai baɗi.